Jegon da Muka Yi wa Gwaggo

Kwana ukun zaman makokin Gwaggo, mata ne suka cika gidan. Maza suna zaure suna karɓar gaisuwa kamar yadda aka saba, amma tsakar gidanmu na Likoro ba masaka tsinke. Mata daga Taba, daga Kudan, har daga Paki, wasu da goyo, wasu da tsohon ciki, duk sun tako cikin taɓon damina. Ba mai ɗaga murya, don sun san Gwaggo ba ta son ihu. Sai dai kowace ta shigo ta juyo mana da ɗan da ke bayanta ta ce, "Ita ta yanke masa cibiya," kamar mu ne ba mu sani ba. A zaure kuma wani magidanci mai gemu ya tsuguna yana share hawaye. Aka tambaye shi me ya haɗa shi da mamaciyar, ya ce ba komai, ita ce dai ta fara ɗaukarsa a duniya.

Da gaisuwa ta lafa sai aka shiga neman abin da ya kashe ta. Wasu suka ce wuƙar asibiti ce, ina aka taɓa zare wa mutum jijiya ya kwana lafiya. Wasu suka ce a'a, tashin da ta yi ne kafin ta cika kwanakin jinya. Liman ya aiko daga zaure a ce wa mata su daina, ajali ne. Suka ce to, suka ci gaba a hankali.

A rana ta uku na kai wa maza ruwa bakin zaure, na ji mahaifina yana magana. Shi ma ƙafafunsa irin nata ne. Ya ɗage wando ya nuna wa mutane ya ce, "Ni kam da jijiyoyina za a binne ni. Ba mai sa mini wuƙa." Damina biyu ya yi a kan wannan magana, gyambo yana cin ƙafarsa a gabana. Abin da zai sa ya yarda da asibiti kuwa yana bakina, amma faɗinsa yana nufin in faɗi abin da na yi wa matar da ta raine ni. Wannan ya faru shekara biyu ko uku bayan samun mulkin kai, yau ga ni da jikoki, kuma sai yanzu nake iya rubuta shi.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ce ungozomar ƙauyukanmu. Ni 'yar fari ce, don haka ana yaye ni aka miƙa mata ni. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa kallon idona ya yi mini magana ba. In yana son wani abu sai ya dubi bango ya ce, "A gaya wa 'yar Yaya." Ban taɓa jin haushin haka ba, kunyar ɗan fari ke nan a wurinmu. Uwa da uba dai Gwaggo ce, a bayanta na yi barci, a ƙwaryarta na ci.

Duk wanda ya san ta, da tafiya ya san ta. A garin da ake iya share rabin hantsi ana gaisuwa ɗaya, Gwaggo ba ta tsayawa. Ka ce mata ina kwana, sai ta ce, "Biyo ni mu gaisa," ko waiwaye babu. Haka za ka ga babban mutum da rawaninsa yana sassarfa a gefenta yana tambayar gajiya da iyali, sai ya gama ya juyo yana haki. Wata rana liman ya tare ta a bakin rijiya ya ce mace mai shekarunta ya kamata ta tsaya ta gaida malamai yadda ya dace.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, in na tsaya muka gama 'ina iyali', iyalin wani ya ragu. Biyo ni."

Ya bi ta. Tun daga ranar in sun haɗu yakan raka ta 'yan taku, ya yi mata addu'a yana tafe.

Ba ta da sanyin hali, kada wani ya ce na yi mata kwalliya don ta mutu. Tana da baki, tana da saurin hannu, ni kaina na sha dundu. Akwai wani mai gida a Taba da matarsa ta haihu ya ƙi sayen itacen wankan jego, wai tsada. Kullum da safe sai Gwaggo ta zare itace biyu uku daga dangar gidansa ta hura tukunyar wanka. Kafin arba'in ana hango shi daga hanya yana cin tuwo. Ya kai ƙara wurin dagaci, dagaci ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ya je ya gode wa Allah da ba rufin ɗaki ta fara zarewa ba.

Rigima mafi girma da ta yi a gidanmu a kaina ta yi ta. Da aka zo ɗaukar yara makaranta, Baba ya so a ɓoye ni. Gwaggo ta ce ta gaji da kai matan gari asibitin shan magani a miƙo mata takarda ta riƙe ta kamar ganye, tana so a gidan nan a samu mai karanta mata abin da aka rubuta. Wata uku ba sa ga-maciji ita da ƙaninta. Ta yi nasara, na yi karatu har na zama malama, na auri malamin makaranta a Ikara. Daga nan ta daina ce mini 'yar nan, sai Malama, tana faɗa tana ɗaga gira.

Ƙafafunta kuwa tun ina ƙarama na san su. Jijiyoyi ne murɗaɗɗu, shuɗi-shuɗi, sun taso daga cinya har idon sawu kamar igiyar guga da aka yar a ƙasa. Nakan bi su da yatsa in tambaye ta, ta ce, "Wannan hanyar Paki ce, wannan ta Makarfi, wannan ƙullin kuma gidan wani marowaci ne." Abin na jini ne, kakanmu yana da su, Baba ma tsayuwa gaban kaskon mazarƙwaila ta fito masa da nasa. Da yamma ƙafafun sukan yi mata nauyi su kumbura, ta kwanta ta jingina su da bango. Da girma ya zo fatar saman idon sawunta na hagu ta yi baƙi ta yi tauri, sannan ta buɗe ta zama gyambo. An yi ƙaho, an barbaɗa garin magani, an wanke da sassaƙe, ya rufe ya sake buɗewa.

A wurin wani suna a Kudan wata jijiya ta fashe a ƙafarta. Jini ya yi tsartuwa har bakin tabarma, mata suka watse suna salati. Ita kuwa ta kwanta rigingine, ta ɗora ƙafar a kan turmi, ta danne wurin da babban yatsa, tana daka musu tsawa su kula da waina kada ta ƙone. Da labari ya iske ni a Ikara na zo na zauna mata a wuya. Ni na ce a je Zariya, ni na yi ta magiya har ta yarda, kuma ina jin kaina ƙwarai a lokacin, yarinya mai Turanci za ta kai gwaggonta wurin likita.

Mun hau motar kaya daga Makarfi. A asibiti suka fara da gyambon, wanki da ɗauri da ɗaga ƙafa, har ya rufe. Sannan likita ya yi bayanin aikin, ni ina fassara. Za a sa ta barci, a ɗan tsaga matsematsinta a ɗaure jijiyar daga sama, a tsaga wajen idon sawu, a zura siririyar waya a cikin jijiyar a zaro ta gaba ɗaya.

Gwaggo ta ce, "Malama, tambaye shi, in ya cire hanyar, jinin ta ina zai bi?"

Likita ya ce akwai manyan jijiyoyi can cikin tsoka, su ke ɗaukar yawancin jinin, wannan ta waje ta lalace, jini take tarawa kawai.

Ta gyaɗa kai ta ce, "Ashe akwai babban titi a ciki. To a toshe ɓarauniyar hanyar."

Aikin ya yi kyau, ina so a ji wannan sosai. Da ta farfaɗo ta nemi a nuna mata abin da aka cire, sistar ɗakin ta kawo mata a ɗan kwano, doguwa kamar hanjin kaza. Ta daɗe tana kallo ta ce, "Ashe ke ce." Washegari aka tashe ta tsaye da bandeji daga tafin ƙafa har cinya, aka ce ta taka. Ba a taɓa ba ta maganin da ya yi mata daɗi kamar wannan ba. Kwana uku sai ga ta a ɗakin masu haihuwa tana gyara wa mata zaman shayarwa, sai da aka koro ta. Ta ce ƙafar ta yi mata sakayau, sai dai wani ɗan wuri a gefen idon sawu da ba ta ji in an taɓa.

Ranar sallama, bayan an cire ɗinki, sista ta zaunar da mu. Ta ce a riƙa ɗaura bandejin, ta yi tafiya safe da yamma kullum, kada ta daɗe a kwance ko a zaune, in ta huta ta ɗaga ƙafar. Ta ce in sha-raɓar ta kumbura ta yi zafi a dawo da ita nan take, kuma kada a yi mata tausa. Ta rubuta duka a takarda ta ba ni. Na fassara wa Gwaggo kalma da kalma, ba abin da na rage.

Muna isa gida muka tarar mata sun shirya mana abin da ba mu zata ba. Shugabar aikin matar Baffa ƙanin mahaifina ce, da nake kira Inna. Amarya aka kawo ta daga Paki, a haihuwarta ta fari jini ya kusa tafiya da ita, Gwaggo ta tsaya a kanta, ta yi ta ba ta abinci a baki har ta tashi. Tun daga nan da za a ce ta kwanta Gwaggo ta taka ta, da ta kwanta. Ita ta tara matan unguwa suka gina sabon gadon ƙasa irin na masu jego da wurin hura wuta a ƙarƙashi, suka jibge itace, suka dafa ƙauri da kunun kanwa.

Inna ta ce, "Yaya, kin yi wa matan garin nan arba'in ɗaya bayan ɗaya, ke ba wanda ya taɓa dafa miki ruwa. Yau ranarmu ce. Ƙafarki ba za ta taɓa ƙasa ba sai kin cika arba'in."

Gwaggo ta yi dariya ta hau gadon don kada ta kunyata su. Ni kuma na ce, "Inna, an ce fa ta riƙa tafiya."

Ta dube ni da tausayi ta ce, "Haba 'yar nan. An tsaga mutum a matsematsi a ce ya yi yawo? Su can ba su da masu jinya ne, shi ya sa suke tada marasa lafiya su yi wa kansu hidima. Nan tana da mutane."

Maganar ta shige ni fiye da yadda na nuna. Ga kuma masu dubiya ba sa yankewa, wanda ya tako daga Paki ba ya so ya iske maras lafiya ta fita shan iska. Duk da haka a safiya ta uku Gwaggo ta faki ido ta sulale zuwa fadama ta gano rake. Ta dawo tana nishaɗi, amma da ɗan jini kamar ƙwayar gero biyu a jikin bandejin. Inna ta ɗora hannu a ka. Ni kuwa sai na tuna da jinin Kudan, na ga kamar ɗinkin zai ɓalle ta zubar da ranta a ƙasa, a ce ni na kai ta aka yanka. Tsoro ya kama ni, tsoron rasa ta da tsoron bakin mutane, ban san wanne ya fi yawa ba.

Na ɗauko takardar na buɗe a gabanta, na sa yatsa a kan layi kamar ina aji, na ce, "Gwaggo, ga shi nan a ƙasa. An ce in jini ya fito a daina tafiya sai an yi kwana arba'in."

Ta ce, "Ban ji ta faɗi haka ba."

Na ce, "Ba ta faɗa ba, ta rubuta ne."

Ta dubi takardar, ta dube ni. Da Inna ce ta faɗa, da dagaci ne, da ta ce su biyo ta su gaisa. Amma ni ce, wadda Gwaggo ta yi faɗa da ƙaninta wata uku a kaina don in karanta mata takarda. Ta miƙe ƙafafunta a kan gadon ta ce, "To, Malama. Tun da an rubuta."

Mun yi mata gata irin wanda ba a taɓa yi wa wata mai jego ba. A kan gado take alwala, a zaune take salla, ko ban-ɗaki ɗaukarta ake yi. Ba ta yi ƙorafi ba, ta dai rage magana. Abin da ba na mantawa shi ne dugaduganta. In tana kwance da rana sai ta riƙa goga su a jikin gadon, ɗaya bayan ɗaya, ƙurus, ƙurus, kamar mai tafiya. Na ce ta daina, ta ce ba ita ke yi ba.

Bayan mako biyu da ɗoriya sha-raɓarta ta hagu ta kumbura ta yi tauri, in ka taɓa zafi rau. Ta latsa da yatsa ta ce, "Wannan ba kumburin da na sani ba ne." Na tuna da maganar sista sarai. Amma komawa Zariya na nufin a tambaye ni a gabanta ko tana tafiya. Na ce wa kaina sanyin damina ne. Inna ta gasa wurin da tsumma da ruwan zafi, ni kuma na ɗebo man kaɗe na yi mata tausa da ƙarfina, daga ƙasa zuwa sama, yadda ita ta koya mini a yi wa masu jego. Ta ce hannuna ya faɗa.

Washegari bayan azahar wata mata ta shigo a guje daga maƙwabta, surukarta tana kan gwiwa tun safe, abu ya ƙi. Gwaggo ta sauko da ƙafafunta. Inna ta riƙe ta, ta fizge. Ta ce mini, "Takarda ta yi haƙuri yau." Ta ratsa tsakar gida tana ɗingishi, ta kusa ƙofa sai ta tsaya ta dafe ƙirji. Ta ce, "Iska. Ku ba ni iska." Ta zame ta zauna jikin turmi, leɓɓanta suka canza, ta yi kalmar shahada a gutsure. Kafin a kawo ruwa ta cika. Inna ta yi ta maimaitawa, "Da na riƙe ta da kyau, da na riƙe ta da kyau."

Bayan sadakar bakwai na koma Zariya, don ranar da aka ba mu ta komawa ta yi, kuma wani abu yana cina. Na gaya wa sista yadda aka yi. Ta tambaye ni, "Tana tafiya?" Na ce tana yi. Ta dube ni, sannan ta yi mini bayani a hankali. Ta ce bayan irin wannan aiki, in mutum ya kwanta bai motsa ba, jini yakan daskare ya yi guda a manyan jijiyoyin ciki. In aka murza wurin, ko mutum ya tashi bayan dogon kwanciya, gudan yakan ɓalle ya tafi huhu ya toshe numfashi. Ta ce yakan faru ko an kiyaye, amma tafiya ce babbar kariya. Na yi mata godiya na fito, na zauna a bakin titi har motar Makarfi ta tafi ta bar ni.

Na koma Ikara na ci gaba da koyarwa, ban gaya wa kowa ba, har mijina. Sai dai in aji ya yi tsit yara suna rubutu, nakan ji ƙurus, ƙurus a bayan allo. Da rana tsaka nake ji, ba mafarki ba ne. Na daina karanta wa mutane wasiƙa, duk wanda ya kawo sai in ce idona na ciwo. In na je Likoro kuma in tarar da Baba ya ƙara lalacewa. Ya bar aikin mazarƙwaila, gyambon ya zagaye idon sawu, ƙuda na binsa, jama'a suna ɗan matsawa daga gare shi a sahu. Kowa ya ce Zariya sai ya ce ya riga ya yi magana.

A ƙarshen damina ta biyu na same shi shi kaɗai a zaure da hantsi yana kore ƙuda da mafici. Ban taɓa zama a gabansa ba tun da aka haife ni. Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce, "Baba, ina da magana." Bai ce in faɗa ba, bai ce in tashi ba. Na faɗi duka, takardar, ƙaryar, tausar, da abin da sista ta ce. Na ce ba wuƙa ce ta kashe Gwaggo ba, ni ce na zaunar da ita. Na ce ya je a yi masa aiki don Allah, in ya so ya tsine mini daga baya.

Ya dubi bango. Sannan ya cire hularsa, ya zaro wata takarda daga ninkinta, ta yi laushi ta yi baƙi da zufa. Na gane ta tun kafin ya buɗe.

Ya ce wa bangon, "Da aka raba kayan Yaya na tsince ta a ƙarƙashin tabarma. Na kai wa malamin asibitin shan magani a Makarfi ya karanta mini. Na ce ya duba ƙasa inda aka yi maganar arba'in, ya ce babu. Na tambaye shi abin da zama ke yi wa mutum, ya gaya mini."

Na ce, "Baba, ka sani? To me ya hana ka zuwa?"

Ya ce, "In na je aka yi mini na tashi, mutane za su tambaya me ya sa ita ba ta tashi ba. In suka tambaya, za su zo kan mai karanta takarda." Ya ninke ta ya mayar cikin hula. "Ƙafa ce kawai."

Na kifa kaina a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar makoki. Shekara ashirin da wani abu ina zaton mutumin nan bai san ina duniya ba.

Da na yi shiru ya ce, "A gaya wa 'yar Yaya ta nemo mota ran kasuwa. Amma matan nan kada su ji. Da alheri suka yi."

An yi masa aikin bayan an daɗe ana fama da gyambon. Da muka dawo na ce wa mutane likitoci sun sake tsari, yanzu tafiya ake sa wa. Safe da yamma nake tasa shi a gaba zuwa fadama, yana dogara sanda, ina biye. Mata suna leƙowa ta danga suna cewa boko ya cire mini imani, zan ƙarasa tsohon. Inna ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata. Ya warke, ya koma gona, ya rayu har ya ga 'ya'yana sun girma. Wasu ƙananan jijiyoyi sun sake fito masa daga baya, tabon kuma bai taɓa barin ƙaiƙayi ba, amma gyambon bai dawo ba. Har ya rasu bai kira sunana ba, kuma ba mu sake tada maganar ba.

Matan da suka gina gadon nan sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Inna ce ta rage, ta tsufa tukuf, ta makance, kuma makon jiya aka binne ta. Kwana biyu kafin rasuwarta na je duba ta. Ta lalubo hannuna ta riƙe, ta yi ta ambaton Gwaggo kamar jiya suka rabu, sannan ta jawo ni kusa.

Ta ce, "'Yar nan, ke kika yi karatu, gaya mini gaskiya. Mun dai yi wa Yaya jinya da kyau ko? Ko ƙasa ba mu bari ta taka ba."

Na ce, "Kun yi, Inna. Ba wanda aka taɓa yi wa irinta."

Ta saki hannuna ta yi ajiyar zuciya.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yalwata mata makwancinta gwargwadon hanyoyin da ta taka don bayinsa. Ya jiƙan Baba da Inna da sauran matan. Ni kuma Ya yafe mini ƙaryar farko, wadda nake neman gafararta kullum. Ta ƙarshen ma Ya yafe mini, ko da yake ita kam ban iya yin nadamarta ba.